Me ya haɗa karatun shari'a da lissafi?

Makon jiya bayan mun tashi daga shiri, wani matashi ya aiko mana da saƙon murya daga Tawa. Ya gama lisansi a fannin shari'a, kuma mahaifinsa ya ce a shirye yake ya saida bijimai biyu muddin karatun gaba zai yi amfani. Yaron yana son ya yi masta a kan abin da ya shafi laifi da hukunci, wato aikin ƴan sanda, kotu da gidan kaso. To da ya buɗe sharuɗɗan wasu jami'o'in Amurka da Kanada a wayarsa, sai ya tarar kusan kowace ta sa darasin ƙididdiga da na hanyoyin bincike cikin na dole. Ya ce shi fa tun a lise ya yi hannun riga da lissafi, shi ya sa ya ɗauki seri A, yanzu kuma ga lissafin ya tare mashi hanya a bakin ƙofar shari'a. Me ya haɗa su?

Mun yi dariya, don mu ma ƴan seri A ne, mun san irin wannan gudun. Amma tambayar ta fi ƙarfin amsar minti biyu a rediyo, ga kuma bijimai biyu a tsakiya. Shi ya sa muka zauna muka bi sawun wannan karatu daga tushe. Abin da muka gano shi ne, sharuɗɗan nan ba wani magatakarda ne ya tashi da safe ya rubuta su don ya wahalar da ɗalibai ba. Kowane akwai ɓarnar da aka yi kafin a kafa shi.

Sai mu fara daga Italiya. A shekarar 1764 wani matashi ɗan birnin Milan mai suna Cesare Beccaria, yana da shekara 26, ya fitar da ɗan ƙaramin littafi kan laifuka da hukunce-hukunce. A lokacin ana azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi. Beccaria ya ce azaba ba ta fitar da gaskiya: mai ƙarfin jiki zai daure ya tsira ko da shi ya yi, rarrauna kuma ya amsa abin da bai aikata ba. Ya ƙara da cewa abin da ya fi hana mutum laifi shi ne ya tabbata za a kama shi a hukunta shi da wuri, tsananin hukuncin a baya yake. Ku riƙe wannan magana ta hukunci da wuri, za mu dawo kanta. Sai dai Beccaria tunani ya yi a ɗakinsa, bai fita ya auna kowa ba.

Wanda ya ce shi zai auna da hannunsa, likita ne, Cesare Lombroso. Ya duba ƙoƙon kan wani mutumin kudancin Italiya mai suna Villella, wanda aka ɗaure kan sata, ya ga wani ɗan rami a ƙeyar ƙoƙon ta ciki. Daga nan ya ɗora ra'ayin da ya bazu a duniya bayan littafinsa na 1876: wai akwai waɗanda haihuwarsu aka yi da laifi, kuma ana gane su a jiki, ta girman muƙamuƙi, da surar kunne, da tsawon hannu. Ya auna ƴan kaso da yawa, ya cika littafi da hotuna da lambobi, mutane suka ce ai kimiyya ta yi magana. Kada mu yi mashi dariya da sauri. Mu ma a kasuwanninmu har gobe ana cewa “wannan da ganin idonsa ɓarawo ne”, kuma kun san samarin da suka sha duka saboda fuskarsu kawai. Lombroso wannan maganar ce ya sa wa rigar likita.

Wa ya kada shi? Lissafi. Wani likitan gidan kaso a Ingila, Charles Goring, ya kwashe shekaru yana aiki kan awon fursunoni kusan 3,000, tare da taimakon masanin ƙididdiga Karl Pearson. Amma shi bai tsaya ga fursunoni ba. Ya kwatanta su da mutanen da ba a taɓa ɗaurewa ba, sojoji, ɗaliban jami'a da sauransu. Da ya fitar da sakamakon a 1913, shekara huɗu bayan rasuwar Lombroso, sai ya zamana babu wata sura ta musamman da ta raba ɓarawo da limamin unguwa. Manyan kunnuwan nan suna ko'ina. Kuskuren Lombroso shi ne ya zura ido ga waɗanda ke cikin kaso, bai yi kwatanci na ƙwarai da waɗanda ke waje ba. Shi ma Goring ya yi nasa zarmewar kan batun kaifin hankalin fursunoni, na bayansa suka gyara mashi, da lissafin dai. To ɗan'uwanmu na Tawa, ga darasin farko na abin da suke kira hanyoyin bincike: kafin ka ce abu kaza ke jawo laifi, nuna mana waɗanda ke da abin amma ba su yi laifi ba.

A Faransa ma ba a zauna ba. Tun 1827 gwamnati ke buga ƙididdigar shari'o'in laifi ta kowace shekara. A birnin Liyon, likita Alexandre Lacassagne ya ƙalubalanci Lombroso, ya ce a dubi muhallin da mutum ya tashi a ciki. Almajirinsa Edmond Locard ya buɗe ɗakin binciken kimiyya na ƴan sanda a 1910, a ɗakunan can sama na gidan shari'ar Liyon, inda ake bin ƙura da gashi da zanen yatsa. Shekara guda kafin nan, jami'ar Lozan a ƙasar Siwis ta buɗe makarantar kimiyyar aikin ƴan sanda ƙarƙashin Archibald Reiss.

Amma karatun da yaronmu ya gani a wayarsa, wanda ya haɗa ɗan sanda da alƙali da gandiroba cikin fanni ɗaya, haifaffen Amurka ne. Abin mamaki, uban tafiyar ko sakandare bai gama ba. August Vollmer mai raba wasiƙu ne a garin Barkili na jihar Kalifoniya kafin a zaɓe shi shugaban tsaron garin a 1905, ya zama shugaban ƴan sanda a 1909. A zamanin, ɗan sandan Amurka ƙato ne mai kulki, wanda sau da yawa ɗan siyasa ne ya sama mashi aikin. Vollmer ya buɗe wa yaransa makaranta a 1908, sannan daga 1916 ya shawo kan jami'ar Kalifoniya ta riƙa ba su darussa. Ya riƙa ɗaukar ɗaliban jami'a aikin ɗan sanda, abin da ya sa sauran garuruwa suka yi ta yi mashi ba'a. Ɗaya daga cikinsu, John Larson, mai digirin dokta, shi ya ƙera na'urar gane ƙarya a 1921. Bayan haka jami'ar jihar Mishigan ta buɗe nata sashen a 1935, Barkili kuma ta samu cikakkiyar makarantar kiriminoloji a 1950, ƙarƙashin almajirin Vollmer, O. W. Wilson.

Duk wannan, tafiyar hawainiya ce. Abin da ya sauya komai shi ne shekarun 1960. Laifuka sun ƙaru, unguwannin baƙaƙen fata a manyan birane sun yi ta tashi da bore, sau da yawa bayan wani ɗan sanda ya ci zarafin wani. Shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamiti a 1965, kwamitin ya miƙa rahoto a 1967. Rahoton nan ne ya yaɗa kallon ƴan sanda, kotu da gidan kaso a matsayin inji guda: in ka matsa nan, can zai kumbura. In ƴan sanda suka ninka kame ba a ƙara alƙalai ba, kaso ne zai cika. Ya kuma ba da shawarar a kai matsayin da ɗan sanda zai zama mai digirin jami'a. A 1968 majalisa ta yi doka, aka kafa hukuma mai raba kuɗi, aka shiga biya wa jami'an tsaro kuɗin makaranta. A wannan shekarar ce jami'ar jihar Niyok da ke Albani ta fara ɗaukar ɗaliban digirin dokta a wannan fanni, na farko irinsa a ƙasar.

To, inda kuɗi suka zuba kun san abin da ke biyo baya. Makarantu suka yi ta buɗe sashen cikin dare ɗaya. Sai a ɗauko tsohon ɗan sanda, a ba shi alli, ya shiga aji yana ba da labarin yadda ya kama wane a shekarar kaza, a ƙarshen shekara a raba takardu. A 1978 wani kwamiti da Lawrence Sherman ya jagoranci aikinsa ya fitar da rahoto mai zafi kan ingancin karatun, ya ce da yawansa horon bariki ne aka sa wa sunan jami'a. Sauran malaman jami'a kuma suna kallon fannin a raine. A ɗaya ɓangaren, makarantar Barkili ta faɗa wata rigimar daban: wasu malamanta sun juya suna sukar ƴan sandan da yaƙin Biyetnam, hukumar jami'a ta rufe ta a 1976. Hukumar raba kuɗin ita ma an rushe ta a 1982. Sassan da suka tsira daga wannan guguwa su ne waɗanda suka ɗaure ɗamara suka ce: duk mai son masta a nan sai ya karanta ra'ayoyin masana kan musabbabin laifi, sai ya iya tsara bincike, sai ya iya ƙididdiga.

Kuma sun ga amfanin abin da idonsu. Daga 1972 zuwa 1973 aka yi wani gwaji a birnin Kansas. An ɗauki yankunan sintiri 15, aka kasa su uku: wasu aka janye masu motocin sintiri sai in an kira, wasu aka bar su yadda suke, wasu aka ninka masu motoci. Bayan shekara guda aka ƙirga. Ba a ga wani bambancin a zo a gani ba, a yawan laifi ko a tsoron da jama'a ke ji. Shekara da shekaru ana ƙona mai bisa imanin cewa yawon mota na korar ɓarawo, babu wanda ya taɓa gwadawa. Daga baya wasu binciken suka nuna cewa tara jami'ai a ƴan wuraren da laifi ya fi yawa ya fi yawon gari amfani. Ba hazaƙar lauya ce ta gano wannan ba, masu ƙirga ne.

Shi ya sa yau takardar sharuɗɗan masta a can take kusan iri ɗaya ko'ina. Ana son digirin farko, ba lalle na shari'a ba, mai ilimin zamantakewa ko na halayyar ɗan adam ma yana shiga. Galibi ana neman matsakaicin maki 3 bisa 4, da wasiƙun shaida biyu ko uku daga malamai, da wasiƙar da ɗalibi zai bayyana abin da yake son bincikawa. Ɗan ƙasa irin tamu sai ya ƙara da jarrabawar Ingilishi, TOEFL ko IELTS. Karatun kan ɗauki kusan shekara biyu, kiredi 30 zuwa 36 a lissafinsu, a rufe da kundin bincike ko babbar jarrabawa. Dokta kuwa shekara huɗu ne zuwa sama, kuma a nan ƙididdigar ta fi zurfi.

Mu fa, ina muka tsaya? Mu hanyar Faransa muka gada, ita kuwa Faransa duk da su Lacassagne, ta ajiye wannan ilimi a ƙarƙashin tsangayar shari'a. Jami'ar Pari na da cibiyar kiriminoloji tun 1922, amma fannin bai samu gashin kansa ba. Ko a 2012 da aka ba shi sashensa a majalisar da ke tantance malaman jami'o'in Faransa, malamai suka tayar da ƙura, sabuwar gwamnati ta soke shi cikin shekarar. Don haka abin da ɗalibi ya fi samu a tsarin Faransa shi ne masta a dokar laifuka, inda ake haƙa ayoyin doka da hukunce-hukuncen manyan kotuna. Masu Faransancin da suka bi ɗaya hanyar su ne na Beljiyam da na Kanada, inda Denis Szabo ya kafa sashen kiriminoloji a jami'ar Monreyal a 1960. Ta hannun mutanen Monreyal ɗin ne aka taimaka aka kafa cibiyar Abijan a wajajen 1970, wadda yau ta zama cikakken sashe a jami'ar Félix Houphouët-Boigny.

A ƙasarmu, kafin zuwan Nasara, mai son zama alƙali a Damagaram ko Katsinar Maraɗi sai ya zauna gaban malamai ya sauke littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala da Muhtasar, wannan shi ne sharaɗin zamanin. Da Nasara suka zo, kwamandan ya zama shi ne wuƙa shi ne nama. A ƙarƙashin dokar da suka keɓe wa talakawan mulkin mallaka, yana iya ɗaure mutum har kwana 15 ba tare da shari'a ba, daga baya aka rage kwanakin. Sai a 1946 aka soke wannan tsari, aka kuma rufe kotunan laifi na ƴan ƙasa. Bayan samun ƴanci, Nijar ta yi kundin dokokin laifuka nata ran 15 ga Yulin 1961, da na tsarin shari'ar laifi ran 14 ga Agustan wannan shekara, dukansu bisa zubin na Faransa. Jami'a kuwa ba mu da ita sai a farkon shekarun 1970, don haka alƙalanmu na farko a waje suka yi karatu. Jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram sai a 2010.

Ga wani abu da ya ba mu sha'awa. A 1968, shekarar da Albani ke buɗe ƙofa, a nan Yamai ne shugabannin ƙasashen Afirka masu Faransanci suka kafa CAMES, hukumar da ke Wagadugu yau, mai tantance malaman jami'a da takardun digiri. Daga baya, a 2007, ƙungiyar UEMOA ta umarci ƙasashenta su koma tsarin LMD. A wannan tsari lisansi kiredi 180 ne a zangon karatu shida, masta kiredi 120 a zango huɗu, dokta shekara uku aƙalla. Kada ku kwatanta kiredin nan da na Amurka ku ce namu ya fi yawa, mudun awon ne ya bambanta. Shiga masta yawanci da dosiye ne, ana duba makin da ka samu tun shekarar farko. Fita kuma sai ka rubuta memuwar, ka tsaya gaban malamai ka kare shi.

Abu biyu muke son iyaye su ji da kyau a nan. Masta ba ta mayar da yaro alƙali. Alƙalanci sai an ci gasar shiga, an yi horo na musamman, wanda da a ENAM ake yi, yanzu kuma akwai makarantar horar da ma'aikatan shari'a ta EFJN a Yamai. Aikin kwamishinan ƴan sanda da na lauya su ma kowane da tasa ƙofar. Na biyu, makarantu masu zaman kansu sun yi yawa, a gida da maƙwabta, kuma abin da ya faru a Amurka a shekarun 1970 ba ya buƙatar biza kafin ya faru a nan. Kafin a biya ko dala, a tambaya: gwamnati ta amince da wannan masta ɗin? CAMES ta san da shi? Su wa ke koyarwa, kuma wane matsayi gare su? In aka fara kame-kame, a mayar da kuɗin aljihu.

Yanzu mu dawo kan maganar Beccaria ta hukunci da wuri. Rahotannin masu kare haƙƙin ɗan adam sun sha nuna cewa fiye da rabin mutanen da ke gidajen kason ƙasar nan ba a yanke masu hukunci ba, jira suke. An yi babban taron ƙasa kan shari'a a Yamai a watan Nuwamban 2012, an faɗi wannan matsala da ma wasu. A wannan tasha kuwa, babu watan da wata uwa ba ta kiranmu ta ce ɗanta ya shekara a tsare, ba ta san ranar shari'arsa ba. Ɗalibin dokar laifuka zai iya karanto mana ayar da ta ƙayyade wa'adin tsarewa, kuma muna buƙatarsa. Amma a ina dosiye ke maƙalewa? A komisariya ne, ko a teburin mai gabatar da ƙara, ko wajen alƙalin bincike? Kwana nawa yake yi a kowane zango a Maraɗi, nawa a Ƙonni? Cikin satar awaki goma, nawa ke ƙarewa a zauren mai gari, kuma su waɗanda aka sasanta a can, suna sake yi ko ba su sakewa in aka kwatanta su da waɗanda aka kai kaso? Waɗannan tambayoyi ba a cikin kundin doka amsarsu take ba. Sai mutum ya sami izini ya zauna da rajistar kotu, ya ƙirga, ya kwatanta, kamar yadda Goring ya yi. A ganinmu, memuwar ɗaya irin wannan ya fi goma da aka tattaro daga littattafan malaman Pari.

Wannan muka faɗa wa ɗan'uwanmu na Tawa da muka kira shi. Mun ce ya fara tantance abin da yake so. In kujerar alƙali yake hange, ya yi masta a dokar laifuka ya shirya wa gasa, ba sai ya ƙetare teku ba. In kuwa so yake ya gane yadda injin ke aiki da inda yake cijewa, to Abijan ta fi Monreyal kusa, amma ko'ina ya je lissafin nan na jiransa. Mun roƙi ya gaya wa Baba a dakata da kai bijiman kasuwa har sai takardar karɓa ta zo hannu, an kuma bincika makarantar.

Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ƙanensa ɗan seri D ne, bari ya je ya ari littafinsa na lissafi tun yaron bai tafi hutu ƙauye ba.